Rage Girman Ƙwayoyin Ƙarfe ta Hanyar Matsananciyar Jirkitarwa: Wace Hanya Ce Ta Dace da Kaduna?

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ake ƙara wa ƙarfe ƙwari ba tare da an zuba masa wani sinadari mai tsada ba, ta hanyar matsa shi da murɗa shi yana sanyi har ƙwayoyin cikinsa su koma ƙasa da maikuromita 1. Ta bi asalin fannin daga aikin Bridgman na 1935 zuwa na Segal da Valiev da masanan Osaka, ta kwatanta manyan hanyoyi uku, sannan ta auna su da injuna da kayan aikin da ake da su a Kaduna. Matsayinta shi ne, ƙwarin da ake samu ta wannan hanya a tsarin ƙwayoyi yake, kuma zafi yana rushe wannan tsari. Saboda haka abin da ya dace da mu shi ne alminiyom da jan ƙarfe, da kayan da ba sa haɗuwa da wutar walda: waya, ƙusa, noti da falle.

1. Gabatarwa



Bahaushe ya ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma duk wanda ya taɓa zama kusa da zuga-zugi ya san dalili. Ƙarfen da ya yi ja yana bin masaba yadda maƙeri yake so. Fannin da zan yi magana a kansa yau ya bi akasin wannan karin magana: ana dukan ƙarfe ne da sanyi-sanyi, ko da ɗumi kaɗan, kuma ba don a sauya masa siffa ba. Sandar da ta shiga inji ita ce za ta fito, kaurinta bai ragu ba, tsawonta bai ƙaru ba. Cikinta ne kawai ya sauya.

Injiniya yana da hanyoyi kaɗan na ƙarfafa ƙarfe. Yana iya gauraya shi da wasu sinadarai, kamar nikel da kuromiyom da banadiyom. Yana iya gasa shi ya tsoma a ruwa ko mai. Yana iya wahalar da shi yana sanyi. Yana kuma iya rage girman ƙwayoyinsa. Hanya ta farko ita ce ta fi cin kuɗi a wajenmu, domin kusan duk sinadaran da dala ake sayo su. Abin takaici ma, wajen shekarun 1950 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kwalambait daga tsaunukan Jos, wato ma'adinin da ake ciro niyobiyom daga cikinsa, kuma niyobiyom ɗin nan shi ne kamfanonin ƙarfe ke ɗan barbaɗawa don hana ƙwayoyi girma. Yau Burazil ce ke riƙe da kasuwarsa. To idan akwai hanyar samun ƙananan ƙwayoyi da ƙarfin inji kaɗai, ya kamata garin da ke da tulin gwangwan da maƙera da makarantun injiniya ya tsaya ya dube ta da kyau.

2. Abin da ke faruwa a cikin ƙarfe

Idan aka goge ɗan guntun rodi har ya yi sheƙi, aka ɗiga masa asid mai rauni, aka sa shi a maikuroskof, za a ga fuskarsa ta rarrabu gida-gida. Kowane gida ƙwaya ce, wato yankin da atam-atam suka jeru suna fuskantar ɓangare guda. A maƙwabciyarta jerin ya karkata wani ɓangaren. Inda biyu suka haɗu shi ne iyakar ƙwaya. A ƙarfen da muke saye a kasuwa, faɗin ƙwaya yakan kama daga maikuromita 10 zuwa 100, wato manyansu sun kai kaurin silin gashi.

Ƙarfe ba ya lanƙwashewa don dukan atam ɗinsa sun zame lokaci guda. Da haka ne, da sai an yi amfani da ƙarfi ninki ɗari ko fiye da abin da muke gani. A 1934 Taylor da Orowan da Polanyi, kowa a nasa ɓangaren, suka bayyana cewa akwai layukan kuskure a cikin jerin, inda wani sahu ya tsaya a rabin hanya. Zan kira su layukan gocewa. Wanda yake son gusar da babbar darduma mai nauyi ba sai ya ja ta gaba ɗaya ba, yana iya tayar da ɗan tudu a gefe guda ya bi shi da ƙafa har ya fita ɗaya gefen, sai a ga darduma ta matsa. Haka layin gocewa yake ratsa ƙwaya. Duk abin da ya tare masa hanya ya ƙara wa ƙarfe ƙwari, kuma iyakar ƙwaya na daga cikin manyan masu tarewa, domin layin da ya saba tafiya a jeri guda ba ya tsallakawa cikin sauƙi zuwa jerin da ya karkace.

Hall a 1951 da Petch a 1953 suka mayar da wannan lissafi. Ƙarfin da ake bukata kafin ƙarfe ya fara lanƙwasa ta dindindin ya ƙunshi kashi biyu: wani tsayayye, da wani da ke ƙaruwa yayin da ƙwaya ke raguwa, gwargwadon tushen murabba'in faɗinta. Ma'ana, idan aka rage faɗin ƙwaya sau 100, gudummawar iyakoki za ta ninku sau 10. A ɗauki baƙin ƙarfe mai ƙarancin kabon, da alƙaluman da littattafan koyarwa suka saba bayarwa: mai ƙwaya maikuromita 100 zai fara ba da kai wajen megafaskal 145, mai maikuromita 25 wajen 220, mai maikuromita 1 kuwa ya haura 800. Ƙarfe ɗaya ne, sinadarai ɗaya. A alminiyom ƙarin bai kai haka tsanani ba, amma yana nan. Dokar tana da iyaka: idan ƙwaya ta sauko ƙasa da nanomita 10 zuwa 20, iyakokin da kansu sukan fara zamewa, ƙarfe ya soma laushi. Hanyoyin da muke magana a kansu ba kasafai suke kaiwa can ba.

Ta yaya wahala ke haifar da sababbin ƙwayoyi? Yayin da ake matsa ƙarfe, layukan gocewa suna hayayyafa har su cunkushe, su sarƙe da juna. Wannan shi ne taurin da kowa ke ji idan ya lanƙwasa waya ya miƙe ta sau uku ko huɗu a wuri guda. Idan aka ci gaba, layukan sukan taru su yi bango-bango a cikin ƙwaya, su raba ta ƙananan ɗakuna. Da farko bambancin karkata tsakanin ɗaki da ɗaki digiri 1 ne ko 2. Kowane ƙarin matsi yana tura sababbin layuka cikin bangon, karkatar tana ƙaruwa, har ta wuce digiri 15. Daga nan masana ke lissafa shi a matsayin cikakkiyar iyaka. Ƙwaya ɗaya ta zama dubbai.

Matsalar ita ce, kafin a kai nan ana bukatar jirkita mai yawan gaske, wajen 4 zuwa sama a ma'aunin da injiniyoyi ke amfani da shi. Idan da murzar yau da kullum za a nemi 4, fallen da ke da kaurin milimita 10 sai ya koma kusan milimita 0.3, in ma bai tsattsage a hanya ba. An sami ƙananan ƙwayoyi, amma babu abin da za a ƙera da su. Duk dabarun fannin nan amsar tambaya ɗaya ce: yaya za a wahalar da ƙarfe ba tare da ya sirance ko ya tsage ba?

3. Hanyoyi uku

Mafi tsufa ita ce murɗawa ƙarƙashin babban matsi, wadda aka fi sani da HPT. Percy Bridgman na Jami'ar Harvard ya bayyana ta a 1935, kuma aikinsa kan babban matsi ya ba shi kyautar Nobel a 1946. Ana sa ɗan faifai tsakanin maƙera biyu, a danne shi da matsin gigafaskal da dama, sannan a juya ta ƙasa. Matsin yana hana tsaga buɗewa, don haka ana iya murɗawa ba iyaka. Ita ce ke ba da ƙwayoyi mafi ƙanƙanta, wajen nanomita 100 a ƙarafa da yawa. Amma a duba lissafinta. Faifan da aka saba amfani da shi faɗinsa milimita 10 ne, kaurinsa bai kai milimita 1 ba. Don a ba shi gigafaskal 6 ana bukatar nauyin kusan tan 48, shi kuwa faifan, in na alminiyom ne, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na giram ba. In aka ninka faɗinsa sau 10, nauyin da ake bukata ya koma tan 4,800. Ga shi kuma tsakiyar faifan ba ta samun murɗiya kamar bakinsa. Kayan binciken kimiyya ne mai kyau, ba kayan sana'a ba, kuma ba zan sake komawa kanta ba.

Ta biyu ita ce turawa ta kwana, wato ECAP. Vladimir Segal da abokan aikinsa suka ƙirƙiro ta a Minsk cikin shekarun 1970, a zamanin Tarayyar Sobiyet. Ruslan Valiev da jama'arsa a Ufa ne suka nuna, daga ƙarshen shekarun 1980, cewa irin wannan wahalarwa tana samar da ƙwayoyi ƙasa da maikuromita 1, daga nan fannin ya bazu duniya. Kayan aikin dunƙulen ƙarfe ne mai tauri da aka huda masa ramuka biyu masu faɗi ɗaya, sun haɗu a kwana, galibi digiri 90. Ana shafa wa sanda man shafawa, a zura ta ta sama, a danna da injin matsi. Daidai kwanar, ƙarfen yana zamewa sahu-sahu, ya fito ta gefe da kaurinsa na asali. Lissafin Iwahashi da abokansa na 1996 ya nuna wucewa ɗaya ta kwana mai digiri 90 tana ba da jirkita tsakanin 0.9 da 1.15. Tunda siffa ba ta sauya ba, sai a ɗauko sandar a sake zura ta.

Yadda ake juya sanda tsakanin wucewa da wucewa yana da tasiri fiye da yadda mutum zai zata. In ba a juya ta ba, ƙwayoyi sukan fito dogaye, a miƙe. In aka juya ta digiri 180 kowane karo, wucewa ta biyu tana warware wani ɓangare na aikin ta farko. Hanyar da gwaje-gwaje suka fi yabawa, wadda ake wa laƙabi da Bc, ita ce a riƙa juya ta digiri 90 zuwa ɓangare guda. Da ita, tsantsar alminiyom yakan sauko zuwa kusan maikuromita 1 bayan wucewa 4. In akwai maganiziyom kashi 3 cikin ɗari a cikinsa, yakan kai wajen maikuromita 0.3, haka ma jan ƙarfe. A lura da wannan: tsarkin ƙarfe ba alheri ba ne a nan. Baƙin atam da ke cikinsa su ne ke hana layukan gocewa shafe juna, su kuma riƙe iyakoki kada su motsa.

Ta uku ita ce murza da liƙawa a kai a kai, wato ARB, wadda Saito da Tsuji da abokansu suka wallafa daga Jami'ar Osaka a 1998. Ita ce ta fi burge ni, domin ba ta bukatar wani inji na musamman. Ana ɗauko falle biyu masu kauri ɗaya, a wanke maiƙonsu da asiton, a kankare fuskokinsu da buroshin waya, a ɗora ɗaya kan ɗaya, a ɗaure bakinsu, a wuce da su ta rola a rage kaurinsu da rabi a tashi ɗaya. Matsin yana manne su su zama falle guda mai kaurin farko. Sai a yanka shi biyu a maimaita. Kowane zagaye yana ba da jirkita 0.8. Bayan zagaye 5 akwai sahu 32 a ciki, bayan 10 akwai 1,024. A rahotonsu na farko, ƙwarin alminiyom na kasuwa ya ninku fiye da sau uku.

Akan kwatanta wannan da ninkin takubban Japan, ko da yadda kakanninmu suke ninka dunƙulen tama su buga don fitar da kashinsa, aikin da ake yi a wannan yanki tun zamanin Nok, kamar yadda murahun Taruga suka shaida, ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam. Kwatancin yana da daɗin faɗi, amma bai zauna daidai ba. Wancan ninki a cikin wuta ake yin sa, inda ƙwayoyi ke sabuntawa bayan kowane bugu, ba sa tara wahala. Abin da ya fi kusa da fanninmu a ƙirar gargajiya ƙaramin abu ne: yadda maƙeri ke bin bakin lauje ko fartanya da ƙananan bugu bayan ƙarfen ya huce, bakin ya yi siriri ya yi tauri. Wannan kam wahalarwa ce a sanyi, ko da yake ba ta kai zurfin da muke magana ba.

4. Abin da ake biya

Ƙwari ba ya zuwa kyauta. Abu na farko da ake rasawa shi ne miƙuwa. Alminiyom mai laushi yakan miƙe kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari kafin ya tsinke. Bayan ARB yakan sauko ƙasa da kashi 10, kuma mafi yawan wannan ma bayan ya fara sirancewa ne a wuri guda. Dalili shi ne ya riga ya cika da layukan gocewa, ba shi da sauran wurin ƙara tauri, don haka duk inda ya fara rauni nan zai ƙarasa. Injiniyan gini ya san haɗarin kayan da ba ya gargaɗi kafin ya karye. An sami hanyoyin sassautawa. A 2002 Wang da Ma da abokansu suka wallafa a mujallar Nature cewa sun murza jan ƙarfe a sanyin ruwan naitirojin, suka ɗan gasa shi, wasu ƙwayoyi suka girma wasu suka zauna ƙanana, aka sami ƙwari da miƙuwa tare. Hanya ce mai kyau, sai dai tazarar da ke tsakanin gashin da ya isa da wanda ya wuce kima ƙanƙanuwa ce.

Abu na biyu shi ne ginshiƙin wannan maƙala. Iyakokin ƙwaya makamashi ne a ajiye, kuma ƙarfe kullum yana neman hanyar sauke shi. Da ya sami zafin da atam za su iya motsi, manyan ƙwayoyi sai su fara cinye ƙanana. Wannan yakan faru idan zafi ya kai kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na zafin narkewa, a ma'aunin Kelbin, kuma gwargwadon wahalar da ƙarfe ya sha, gwargwadon saurin farawarsa. Tsantsar jan ƙarfe da ya bi ta ECAP yakan fara sakin ƙwarinsa tun wajen digiri 150 zuwa 200. Alminiyom yana narkewa a digiri 660, amma tun kafin a kai rabin haka ƙwayoyinsa sun soma kumbura. Wutar walda kuwa tana narkar da bakin ƙarfe gaba ɗaya, ta gasa gefe da gefensa. Sandar da aka sha wahala aka wuce da ita sau 8, mai walda zai mayar da ita yadda take a da cikin daƙiƙa kaɗan, kuma daidai mahaɗa, inda nauyi ya fi taruwa. Da ido ba za a ga bambanci ba. Akwai walda ta gogayya da cibiyar TWI ta Ingila ta ƙirƙiro a 1991, wadda ba ta narkar da ƙarfe, amma ba ita ce ke hannun masu waldarmu ba.

Wannan ya bayyana dalilin da ya sa, bayan shekaru fiye da 30 na bincike, kayan da suka shiga kasuwa 'yan kaɗan ne, kuma ƙanana masu tsada. Kamfanin Honeywell ya yi amfani da ECAP wajen yin faya-fayan da ake fesa ƙarfe da su a masana'antar sassan kwamfuta. An kuma yi dashen haƙori da tsantsar taitaniyom da aka ɗaga ƙwarinsa daga wajen megafaskal 700 zuwa sama da 1,200, har ya wuce gaurayen da ke ɗauke da alminiyom da banadiyom. Duka biyun ba sa ganin walda, kuma mai saye yana biyan kuɗin kowane giram.

5. Kaduna

Muna zaune a Unguwar Rimi, inda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ke da reshenta na nazarin kasuwanci, don haka ba laifi a yi tambayar ɗan kasuwa: me za a sayar, wa zai saya? Garin ba baƙo ba ne ga aikin ƙarfe. Kwalejin ta samo asali daga makarantar fasaha ta 1956, ta zama yadda take a 1968. A ƙetaren kogi, a Kakuri, akwai masana'antar makamai ta DICON tun 1964, kuma duk masana'antar da ke yin kwanson harsashi ta san zagayen matsa farar tagulla a sanyi da gasa ta don ta saki. Akwai Nocaco mai yin wayoyin lantarki. A Zariya akwai sashen nazarin ƙarafa na Jami'ar Ahmadu Bello, a Jos akwai cibiyar bunƙasa aikin ƙarafa ta ƙasa. Masana'antun murza ƙarfe da gwamnati ta gina a Katsina da Jos da Oshogbo a farkon shekarun 1980 na murzar zafi ne, don rodi da waya, ba su ne wurin wannan aiki ba.

Sai kasuwar Panteka. Wanda ya tsaya wajen masu zubin tukwane zai ga abin da ke shiga kasko: gwangwanin lemo, fistin ɗin mota, guntun tagar alminiyom, tsohon kwano, wani lokaci da ƙusa ko noti na baƙin ƙarfe maƙale a jiki. Yaro yana juya fanka, gawayi yana ci, maigida yana kwashe dattin da ya taso da ludayin ƙarfe, sannan a zuba a mazubin yashi. Tukunyar tana fitowa da kyau, amma in ta faɗi a kan siminti tana iya tsagewa. Gautsin nan yana da dalili. Baƙin ƙarfe kusan ba ya narkewa a cikin daskararren alminiyom, abin da yake ɗauka bai wuce kashi 0.05 cikin ɗari ba. Ragowar yakan haɗu da silikon ya yi siraran faya-fayai masu kaifi a cikin zubin, su ne mafarin tsaga. Ludayin ma da kaskon suna ƙara nasu.

A nan ne nake ganin fannin yana da abin ba mu wanda bai dami masu bincike a ƙasashen da ke da tsabtataccen alminiyom ba. Matsananciyar jirkitarwa tana farfasa waɗannan faya-fayai su koma ƙananan gutsattsari a warwatse, kuma gutsattsarin suna taimakawa wajen riƙe iyakokin ƙwaya. Abin da yake aibi a zubi yana iya zama rabin amfani bayan matsi. Na ce rabi, domin sandar zubi mai gautsi tana iya tsagewa tun a wucewar farko, sai an ɗumama ta zuwa digiri 200 ko sama, ko a buɗe kwanar zuwa digiri 120, wanda ke rage jirkitar kowace wucewa zuwa wajen 0.6. Ɗumamawar kuma tana rage ƙanƙantar ƙwaya. Inda ma'aunin ya daidaita ga irin gwangwan ɗinmu, aikin ɗalibanmu ne su nemo shi. Sake sarrafa alminiyom yana cin kusan kashi 5 cikin ɗari na makamashin da ake kashewa wajen narko sabo, kuma masana'antar Ikot Abasi da aka gina don narko sabon ta daɗe ba ta aiki. Gwangwan shi ne ma'adininmu.

Ƙarfin injin ma ba abin tsoro ba ne. Sanda mai milimita 10 a kowane gefe, in an ɗauka tana bukatar megafaskal 500 har da gogayya, nauyin tan 5 ne. Mai milimita 20 tan 20 ne. Injin matsi irin wanda makanikai ke cire boris da shi ya kusa isa. Wahalar tana ga gidan matsin: sai ƙarfen kayan aiki mai kyau, a sassaƙa shi daidai, a gasa shi daidai, in ba haka ba ya tsage a kwana ko ƙarfe ya tsiyaye ta mahaɗarsa.

Wane kaya, to? Na cire rodi, na cire ƙofa da taga da gadon ƙarfe da duk abin da walda ke haɗawa. Abin da ya rage shi ne abin da ake haɗawa a sanyi: ƙusar ribit, noti da kusoshi, fallen da ake lanƙwasa bakinsa, da waya. Waya ce ta fi ƙarfin hujja. Tsohuwar matsalar wayar lantarki ita ce, duk sinadarin da aka zuba don ƙwari yana rage gudun lantarki, alhali iyakokin ƙwaya suna ƙara ƙwari sosai ba tare da sun tare lantarki da yawa ba. Rukunin Ufa ya nuna cewa a gaurayen alminiyom da maganiziyom da silikon, wahalarwa da ɗan ɗumi tana fitar da sinadaran daga cikin jeri, a sami ƙwari da gudun lantarki tare. Kuma a 2004 Raab da Valiev da Lowe da Zhu sun haɗa ECAP da injin Conform mai dabaran da ke jan waya ba tsayawa, wanda ya warware matsalar gajerun sanduna. Sai dai waya ta lantarki tana bukatar alminiyom mai tsabta, ba na kasko ba. Hanyoyi biyu ne daban: gwangwan don ƙusa da falle, tsabtatacce don waya.

6. Gwajin da ya kamata a fara da shi

Da ni ke raba kuɗin bincike, da ARB zan fara, da fallen alminiyom mai kaurin milimita 1, domin rola ta fi gidan matsi sauƙin samu. Sirrinta yana ga tsabta da hanzari. In an goge falle aka bar shi ya daɗe, ko aka taɓa fuskar da yatsa, ko ƙurar hunturu ta sauka a kai, ba zai manne ba, zai ɓare kamar ba a murza ba. In ragin bai kai rabi a tashi ɗaya ba, haka. Gefuna sukan tsattsage daga zagaye na uku ko na huɗu, sai an datse su kafin a ci gaba, kuma wannan asara ce da dole a sa ta a lissafin farashi.

Sai maganar awo, wadda a nan ne ayyukan ɗalibai da yawa suke yin rauni. Maikuroskof na haske ba ya rarrabe abin da ya gaza kusan rabin maikuromita, kuma ba ya faɗin digirin karkata. Wanda ya auna tauri kawai ya ga ya ƙaru, bai tabbatar da cewa ƙwayoyi sun ragu ba, domin cunkoson layukan gocewa ma yana ba da tauri. Ana bukatar maikuroskof na ilektron mai iya zana taswirar karkatar ƙwayoyi. Ba dole kowace makaranta ta mallaki nata ba. Guda ɗaya mai aiki, da wutar da ba ta yankewa da ma'aikacin da ya iya shirya samfur, zai ishi Kaduna da Zariya da Jos. Kafin nan ma, a auna sinadaran kowane zubi, domin sakamakon da ba a san abin da ke cikin samfurinsa ba, ba wanda zai iya maimaita shi.

Gwaji na ƙarshe shi ne mafi arha, kuma shi ake yawan tsallakewa. A yanka samfur gida-gida, a ajiye kowane a murhun awo na tsawon awa 1 a digiri 100, 150, 200, 250 da 300, a auna taurinsa bayan ya huce. Sannan a ɗauki wasu a bar su a digiri 90 na makonni, domin wayar da ke ɗauke da lodi a watan Afrilu tana iya kusantar wannan zafi, kuma shekaru za ta yi a haka, ba awa ɗaya ba. In taurin ya fara sauka, a gwada ƙara zirkoniyom ɗan kaɗan, ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari, wanda masu yin wayoyi masu jure zafi suka daɗe suna amfani da shi don riƙe iyakokin ƙwaya. Shi ma da dala ake sayo shi, amma abin da tan ɗaya na alminiyom ke bukata bai wuce kilo 2 zuwa 3 ba.